Tankin Tsere da Goyon Albasa

In ana maganar sanin babur, daga Boɗinga har inda kwalta ta ƙare ba a haifi na biyuna ba. Ni ne mutumin da zai zauna a rumfar mai shayi, babur ya wuce ta bayansa, ya faɗi ciwonsa ba tare da ya waiwaya ba. In ce wancan fulogi ne, wancan kuwa lafiyarsa lau, mai shi ne bai yi kalaci ba. An sha gwada ni, kuma duk ranar da maganata ba ta yi daidai ba, babur ɗin ne ya yi ƙarya. Haka nake faɗa wa jama'a shekara da shekaru, har Allah ya haɗa ni da wani tanki.

Sana'ata albasa. Ba na noma ta, don Allah bai ba ni bayan da zai jure duƙawa ba. Ni dai in an cire an zuba a buhu, in bi mota da ita zuwa Kudu. A can na ga babur ɗin. Irin na tsere ne, tsohon yayi, wanda masu shi suka hau suka gaji aka turo mana. Ja wur, kansa a sunkuye kamar rago zai yi karo, mai hawansa kuma dole ya kwanta a kai kamar mai neman gafara. Shekaruna hamsin da 'yan kai, ga tumbi da ke riga ni shiga ɗaki, amma da aka tayar da shi na ji kukansa sai zuciyata ta koma ta ɗan shekara ashirin. Na ɗora shi a motar da ta sauke albasa na kawo shi gida. Mai ɗakina ta zagaya shi sau ɗaya, ta dubi wurin zaman baya wanda bai fi tafin hannu ba, ta ce, “To ni ina za ni zamna?” Na ce ai ba a yi shi don zama ba. Ta ce ta ga alama.

Aibinsa ɗaya ne, tanki. Tsatsa ta cinye shi daga ciki, yana yoyo ta gindi. Kullum da safe sai na liƙe wurin da sabulu kamar yadda kowa ke yi, har ta kai babur ɗin ya fi ni cin sabulu. Garin tsatsar kuma ya gangara ya toshe kafireta, sai ka ga zakin da ya fito gida yana ruri ya koma ana tura shi.

A tafiyata ta gaba na shiga kasuwar kayan gyara, na ga wani tanki rataye a bango, fari fat na alminiyam, yana ƙyalli kamar sabon kwanon amarya. Na ɗauka da hannu ɗaya, ban ji na ɗauki komai ba. Mai shagon ya ce na ainihin masu tsere ne. Ya buɗe murfin ya nuna mini wani soso da ya cika cikin tankin, ya ce kada in kuskura in cire. Wannan na ji. Daga nan ya shiga wani dogon bayani da Turanci mai gudu, yana taɓa wani siririn tiyo da ya fito daga tsakiyar murfin, ni kuma ina ta gyaɗa kai. Wanda ya san babur ai ba ya tambaya.

Makaniken da ke yi mini aiki a Boɗinga taubashina ne, ɗan kawuna. Shi ɗan namiji, ni ɗan mace, saboda haka ko da yake na girme shi da shekara uku, tun muna yara yaronsa yake ce mini, kuma ba ni da kotun da zan kai ƙara. Na ajiye masa tankin a gindin bishiyar dogon yaro inda yake aiki. Ya goge hannu, ya ɗaga shi, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa.

“Yarona, wanga mi na na? Tukunyar biki kas sawo muna?”

“Tankin tsere na. Irin wanga ko Sakkwato babu shi.”

“Awo, babu shi. Mutanen Sakkwato suna da hankali.”

Kwana uku muka yi a kansa, shi yana aiki, ni ina ba da umurnin da ba wanda ke bi. Da aka ɗaga tsohon tankin, abin da ya zubo daga cikinsa ya isa a yi wa ɗaki daɓe. Muka ɗora sabon, sai ya zauna a karkace kamar hular ɗan gaye. Kunnuwansa na gaba, inda ake ɗaure noti, sun fi na babur faɗi da yatsa biyu kowane gefe. Na baya kuwa yana can sama yana shan iska, bai ma san akwai ramin da ke jiransa a ƙasa ba. Na ce a kira mai walda ya matso da kunnuwan. Taubashina ya dube ni kamar na ce a yi alwala da kunu. Ya ce waldarmu ta ƙarfe ce, alminiyam in ya ji ta narkewa yake kamar man shanu, kuma tankin da ya taɓa shan fetur ba mai kai masa wuta sai wanda ya gaji da duniya. Babur za a gyara ya karɓi tanki.

A nan na ga aiki, in faɗi gaskiya ko da sau ɗaya ne. Ba shi da abin awo, tsinken tsintsiya yake karyawa daidai tsawon da yake so, ya maƙala a kunne. Da tsinke uku ya tafi wurin mai walda, ya dawo da guntayen ƙarfen taga, ya lanƙwasa su a kan wani guntun ƙarfen jirgi da ya gada wurin kawu, aka huda, aka ɗaure su a jikin babur suka zama sababbin kafaɗun da tanki zai zauna. Ya ce ba a barin alminiyam ya goga da ƙarfe, girgizar hanya za ta tsaga shi, sai an sa roba a tsakani. Na koma gida na ɗauko silifas ɗin mai ɗakina da na ga sun tsufa. Daga baya na ji ashe ba su tsufa ba.

Rana ta biyu na je sallar azahar na dawo, na tarar ya lanƙwasa waya ya zura a bakin tankin yana jawo wani abu.

“Kai! Mi kaka yi?”

“Turawanka sun mance soson wanka ciki.”

Na fizge wayar. Na yi masa bayani cewa soson yana hana mai kai-komo ne in an kwanta a kwana, kuma wannan bayanin gaskiya ne, shi kaɗai na riƙo daga bakin mai shago. Taubashina ya karɓe wayarsa ya koma kan aiki. Ya ja tiyon mai daga hagu, inda famfon sabon tankin yake, ya zagayo da shi dama wurin kafireta, ya sa 'yar matata a tsakani. Ya zuba galan guda, ya shimfiɗa takardar buhun siminti a ƙasa don a ga ko zai ɗiga. Ko ɗigo. Sai ya hau, ya matse babur da cinyoyi, ya girgiza shi yana karkata kunne.

Duk mai babur a ƙasar nan haka yake sanin mansa. Ba ruwanmu da allurar da ke nuna yawan mai. Ka girgiza, in ka ji culum-culum mai nauyi ka kama hanya, in ka ji 'yar ƙara siririya ka nemi mai galan. Kunne ne ma'auninmu tun kakanni, ko dai tun da aka kawo babur. To wannan tankin, saboda soson nan, ko ka girgiza shi har ka faɗi, shiru kake ji. Ba shi da wurin sa wayar allura, ba shi da rizab ɗin da ake murɗawa in mai ya ƙare a daji.

“Yarona,” in ji taubashina, “tankin da ba ya magana ni ban yarda da shi ba. Ko mutum na, in ya cika shiru, a yi hankali da shi.”

Rana ta uku aka kai kujera wurin mai ɗinkin kujerun mota ya rage mata hanci, don sabon tankin ya fi tsohon tudu ta baya. Taubashina ya juya kan babur hagu da dama har ƙarshe, ya ga hannun yana dukan tankin, ya ɗaura wani noti da zai tare shi. Saura murfi. Ba shi da makulli, murɗawa kaɗan ya buɗe, ga kuma siririn tiyon nan da ya fito daga tsakiyarsa yana reto kamar wutsiyar ɓera.

“Wanga hwa, na mi na?”

Mutum huɗu ne zaune a benci suna jiran aikinsu, duk suka zuba mini ido. Da ni kaɗai ne da shi, wataƙila in ce ban sani ba.

“Na gudu na,” na ce. “In mashin ya wuce wani mizani, nan zahin ka hita. Ku naku ba su kai nan, shi as sa ba a sa musu.”

Mutanen benci suka gyaɗa kai. Taubashina ya ɗaga kafaɗa, ya kwantar da tiyon a kan tankin, ya cusa bakinsa a wuyan babur. Na hau na zagaya Boɗinga sau uku. Wallahi ranar ko tsuntsu ya ga abin da ya fi shi. Babur ya yi sauƙi, gwiwoyina suka sami wurin shiga, ba tari ba atishawa. Sati biyu ina yawo a kai, ban tura shi ko taku ɗaya ba.

Ana nan sai Yaya ya kira ni. Wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, kuma shi ya zauna a ƙauyenmu na asali, can bayan Shagari ta wajen Kajiji. Mutum ne da kalma goma ke isarsa yini. Geron da yake samu ba ya kai gidansa bazara, albasar rani ce ke cike giɓin. A shekarar nan wani ruwan ƙarshen damina ya sauka da ƙarfi ya kwanta a inda yake renon iri, duk ya ruɓe. In ya sake shukawa sai ya jira sati shida kafin ya isa dashe, lokacin ruwan fadama ya ja baya, zafi kuma zai riski albasar ba ta yi kai ba. Maƙwabtansa kowa nasa bai ishe shi ba. Bai roƙe ni komai ba, faɗa mini kawai ya yi, amma na san muryarsa.

Allah da ikonsa, surukina a Boɗinga ya yi iri ya yi masa yawa. Na je na durƙusa na yi masa bayani, ya ce in zo in kwashi abin da ya rage, ai albasar da ta tsufa a wurin reno ba ta da amfani ga kowa. Na kira Yaya da murna. Muka sa ranar Asabar. Shi zai ba fangulansa ruwa tun da asuba ƙasa ta yi laushi, ya gayyato mutane, ni kuma in kawo iri. Irin albasa in an tuge shi ba ya son jira, a ranar ake so ya koma ƙasa.

“Ka tabbata kana isowa da wuri?” in ji Yaya. “Mutane za ni tarawa.”

“Yaya, kahin ka ƙare kalaci na iso. Ka aje min hura.”

Asabar bayan sallar asuba muka tuge irin, muka datse kan ganyen, muka ɗaure ƙulli-ƙulli, muka jera a buhun algarara da aka jiƙa sharkaf. Na biya gidan mai na cika tanki har baki. Sai maganar ɗaurin kaya. Babur ɗin ba shi da kariyar ɗora kaya, bayansa kuma ko kaza ba za ta zauna ba. Amma wannan ba matsala ba ce a wurinmu, kowa ya san inda ake sa buhu, a kan tanki, tsakanin hannuwa. Na aro tsohon zanen mai ɗakina, wannan karon na tambaya, na shimfiɗa don kada a ƙarje mini ƙyalli. Na ɗora buhu, na zagaye shi da robar tib na ja har sai da ta yi kuka. Na kwanta a kansa da tumbina, na yi bisimilla.

Na wuce Sifawa kamar an harba kibiya. Ina cikin lissafin yadda zan tarar da Yaya bai gama wanke hannu ba, sai babur ya yi tari. Ya sake. Na murɗa totur, ya yi wani nishi kamar tsohon da aka tasa daga barci, ya mutu.

Na gangara gefe. Hannu da cinya suka yi abin da suka saba, na girgiza shi. Shiru. Har na ɗauka mai ya ƙare kafin in tuna ai wannan ba ya magana. Ba yadda zan san akwai mai sai na gani da ido, murfin kuma yana ƙarƙashin buhu. Na kwance roba, na sauke buhu, na yaye zane, na murɗa murfi. Ya yi wani fuuu kamar mai ajiyar zuciya, na ce zafi ne. Mai kuwa ga shi nan har baki. Na rufe, na taɓa sitata, ya tashi da ruri kamar ba shi ba. Na yi dariya ni kaɗai. Na ce ɗan datti ne ya wuce. Na mayar da zane, na mayar da buhu, na ja roba.

Ban yi tafiyar da ta kai a kira ta tafiya ba ya sake mutuwa.

Wannan karon na kira taubashina. Sai da ya gama dariya, har ina jin yana ba mutanen benci labari, sannan ya ce in cire tiyon mai in busa, in duba matata. Na sauke buhu, na buɗe murfi na leƙa, na cire tiyo na busa har fetur ya shiga mini hanci. Matata fes. Na taɓa sitata, ya tashi.

“Ka jiya?” in ji shi a waya. “Ko daga nesa hannuna magani na. Gaida Yaya.”

Na ɗaure kaya. Na tafi. Ya mutu.

Ba zan ƙirga muku sau nawa ba, don in na faɗi gaskiya za a ce na ƙara, in na ƙara kuma ba wanda zai lura. Na zagi mai gidan mai da ya sayar mini da ruwa. Na zargi bakin mutanen benci. Na karanta duk abin da na haddace na tofa a tankin. Kowane tsayi sai na sauke, na buɗe, na duba, ya tashi, na ɗaure. Rana ta ɗaga ta fara cizo. Abin da ya daina ba ni dariya shi ne da na sa hannu cikin buhun na ji ɗumi. Algararar ta bushe ta sama, tsakiyar kuma ta ɗau zafi kamar tuwon da aka rufe. Na sayi ruwan leda a wani ƙauye na zazzage a kai, ƙasa ta shanye rabi.

Yaya ya kira wajen hantsi. “Kana ina?”

“Ga ni nan tahe, Yaya. Kusa nike.”

Ta bayansa ina jin muryoyin mutane. “To,” ya ce, ya kashe. Wannan “to” ɗin ta fi mini zagi ciwo. Na san yana tsaye a bakin fangulan da ya ba ruwa tun duhu, ƙasa tana bushewa, mutanen da suka bar nasu aikin suna duban hanya. Na tsaya a bakin titi na fara ɗaga wa motoci hannu, ni da na saba wuce su ina ɗaga musu yatsa. Duk wadda ta zo a cike take har bisa.

Mutuwar ƙarshe ta same ni kusa da wata fadama, Shagari na gaba kaɗan. Wani dattijo yana zaune a gindin mangwaro kusa da injinsa na ban-ruwa, yana gyara bakin tiyo. Na yi sallama ya amsa. Ya bi ni da kallo ina sauke buhu, ina buɗe murfi, murfi ya yi fuuu, na rufe, babur ya tashi. Na ɗauko zane zan shimfiɗa, sai ya ɗaga hannu.

“Dakata, ɗana. Tun ina kaka wanga aiki?”

“Tun Sifawa, Baba.”

“In ka sauke kaya shi tashi, in ka aza shi mutu?”

Na buɗe baki in yi masa bayanin babur ɗin tsere, irin bayanin da ba a samu a fadama. Sai maganarsa ta zauna mini a kai. Ban taɓa jera abin haka ba. Ya taso a hankali, ya zo ya kama siririn tiyon nan na murfi da yatsa biyu. Tiyon ya baje, ya yi faɗi kamar an bi ta kansa da guga, ga shatar roba a jiki.

“Taho ka gani,” ya ce.

Ya kai ni wurin injinsa, ya nuna mini murfin tankin. A tsakiya akwai wata 'yar huda da ba ta fi bakin allura ba. Ya zaro wata ƙayar aduwa daga naɗin hularsa, ya ce ita yake ajiyewa don wannan hudar kaɗai. In laka ta toshe ta, injin ya yi ta aiki kaɗan ya mutu, ga mai cike. Mai ba ya sauka ƙasa sai iska ta shiga ta sama ta maye gurbinsa.

“Wanga tiyo naka hancinai na. Kai ka aza mai buhu bisa hanci, ka kwanta bisa da wanga ciki naka, kana son shi yi gudu. Ko kai anka yi ma haka, ina za ka kai?”

Na tsaya ina duban tiyon. Na tuna mai shago yana taɓa shi yana zuba Turanci. Na ce, “Baba, ai na sani, gwada shi nika yi.” Ya ce Allah shi ba da sa'ar gwaji.

Sai ya tambayi abin da ke buhun. Da na faɗa masa, fuskarsa ta canza, wasa ya ƙare. Ya jawo buhun inuwa da kansa, ya kwance baki, ya zazzage ƙullin ya baza su. Na tsakiya sun yi laushi sun fara wari, ya ware su gefe. Sauran sun langaɓe, amma da ya murza gindin ɗaya da farce sai ga shi fari da ƙarfinsa. Ya ce albasa ba ta mutuwa da ƙishirwar yini ɗaya, zafin cikin buhu ke kashe ta, kuma na zo da sauran rabo. Muka tsoma saiwoyin a ruwan da injinsa ke zubarwa, muka jiƙa buhun, ya mayar da su a sassauce, ya bar bakin a buɗe.

Saura inda za a sa. Na dubi tanki, na dubi wurin zaman baya, na dubi dattijo. Shi kuma zanen yake kallo.

“Duƙa,” ya ce.

Haka aka yi. Ya ɗora mini buhu a baya, ya yafa zanen mai ɗakina, ya ce in kama in ɗaure a ƙirji kamar yadda na ga ana yi a gida. Ban iya ba, sai da ya zagayo ya ɗaure mini da kansa, yana cewa jikokinsa goma sha, ya san aikin. Ya murza tiyon ya dawo da shi daidai. Na yi masa godiya, ya ce in yi sauri, godiya ba ta dashe.

Na ratsa Shagari da rana tsaka, ƙato mai furfura a gemu, kwance a kan jan babur, da goyo cikin zane mai furanni, ganyen albasa na leƙowa ta kafaɗa, ruwa na bin bayana har cikin wando. 'Yan kabu-kabu da ke bakin tasha suka miƙe tsaye. Wani ya yi ihu, “Alhaji, mace ko namiji?” Ban tsaya ba da amsa ba. Babur kuwa tunda ya sami numfashi sai ya nuna asalinsa. Ko da na sauka kwalta na kama burji, bai yi tari ko ɗaya ba.

An yi azahar kafin in isa. Rabin 'yan gayya sun watse. Yaya na zaune a kan kunya, ya haɗa hannuwa a gwiwa. Ya dubi babur, ya dubi zane. Ya zo ya kwance goyon da hannunsa, ya zaro ƙulli ɗaya, ya murza gindin kamar yadda dattijon ya yi. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya juya ya ce a tayar da inji a sake ba fangula ruwa, a bi gida-gida a faɗa wa waɗanda suka tafi cewa iri ya iso.

Bayan la'asar suka dawo, har da waɗanda ba a gayyata ba, don labarin goyon ya riga ni shiga gari kuma kowa na son ya ga mai jego. Ni ma na tuɓe riga na shiga laka. Bayan nan nawa da ba ya duƙawa, ranar ya duƙa. Muka yi ta soka yatsa muna dasawa har rana ta yi ja. Irin bai cika fangulan duka ba, biyu na ƙarshe suka tashi babu, saboda abin da ya dahu a hanya. Da na ga yadda dashen ya kwanta a laka kamar zare, ban yi wa kowa wasa ba a hanyar komawa gida.

Kwana shida na daure, ran na bakwai na hau babur na koma, ba kaya a kan tanki, ba tsayi ko ɗaya. Tun daga nesa na hango fadamar Yaya. Dashen ya miƙe. Layi-layi, kore shar, kowane da sabon ganye siriri yana nuna sama. Yaya na tsaye a ciki da fartanya yana buɗe wa ruwa hanya, yana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi, abin da rabona da in ji tun muna samari.

Nan take bakina ya dawo. Maƙwabta biyu suka matso, na shiga ba su labari. Na ce daga inda na gano matsalar, don ni na gano ta, wani dattijo dai ya taya ni riƙe buhu, zuwa bakin fadamar nan, ƙiftawa biyu na yi. Na ce iskar gudun ce ma ta sanyaya irin, da a wani babur ne da tuni ya zama miya. Na ce duk albasar da za a ci a gidan nan bana, a tuna da tankin tsere.

Yaya ya toshe bakin fangali da laka, ya miƙe, ya share hannu a wando.

“Allah shi yi ma albarka, ƙanena,” ya ce. “Baɗi in muna da rai, ka aiko da irin tun da sahe. Kai ka taho da labarin daga baya.”